Sabuwar sukuta: a juye man giya tun da wuri



Bayan kaka, idan an sayar da wake da gujiya, ko kuma bayan an kwashe albasa, mutane da yawa sukan sayi abin hawa. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, moto ya zama jakin zamani. Shi ke kai mu gona, shi ke kai mu kasuwa, shi ke kai marar lafiya likita cikin dare. Daga cikin baburan da ake saye akwai sukuta. Ita ce wadda ba ta da giyar ƙafa, ba ta da sarƙa. Murɗa hannu kawai ake yi ta tafi. Saboda sauƙin tuƙinta, mata da dattawa suna son ta ƙwarai.

Yau ina so mu yi magana a kan wani ɗan mai da ke cikin sukuta, wanda yawansa wajen cokali takwas ne. Mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Ni ma ban san da shi ba, sai da ya ci kuɗin gidanmu.

Abin da ya faru da ƙanena

Ina da ƙane mai lambun albasa. Wata shekara kasuwa ta yi masa kyau, ya sayi sabuwar sukuta. Da safe ya tafi lambu da ita, da marece uwargidansa ta ɗauka ta yi hidimominta. Yana kula da ita kamar amarya. Kowace Juma'a sai ya wanke ta. Kowane wata sai ya kai ta an juye mata baƙin mai.

Bayan shekara guda da ƴan watanni, sai ƙafar baya ta fara kuka. Da farko kukan siriri ne, kamar ƙarar injin niƙa daga nesa. Ya ce ƙura ce, za ta daina. Ba ta daina ba, sai ma ƙaruwa. Muka tafi tare wurin wani tsohon makanike. Ya ɗora ta bisa ƙafar tsakiya, ya juya tayar baya da hannu, ya kasa kunne. Sa'an nan ya dubi ƙanena ya ce:

"Malam, yaushe rabonka da juye man giya?"

Ƙanena ya ce: "Baba, ai watan jiya na yi juye."

"Wancan na inji ne. Na baya nake nufi."

Ƙanena ya dube ni, ya ce: "Yaya, ashe akwai wani mai a baya?"

Makanike ya kwance noti, ya tara gwangwani. Abin da ya fito bai kai cokali uku ba. Baƙi ne ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Da aka buɗe akwatin, sai aka tarar boris ya cinye, haƙoran giya sun zaizaye. Sukuta ta yi mako uku a jingine ana neman kayan gyara, daidai lokacin da albasa ke son ruwa kullum. Kuɗin da gyaran ya ci sun isa sayen man giya na shekaru masu yawa.

Ƙanena bai yi sakaci ba. Abin da ya sani ya yi. Wanda ya sayar masa bai faɗa masa ba, yaran da ke yi masa juye ba su faɗa masa ba, ni yayansa ban sani ba balle in faɗa masa.

Ga ra'ayina a fili. Duk wanda ya sayi sabuwar sukuta, ya juye man giyarta tare da juyen farko na baƙin mai, kafin ta wuce kilomita 1000. Kada ya jira ta yi kuka. Zan kawo dalilaina, zan kuma kawo hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba.

Sukuta tukunya biyu gare ta

Dattawa sun tuna mobilet ta da, wadda ake gauraya mata mai da esansi a tanki ɗaya. Matasa kuma sun saba da moto mai sarƙa, irin na ƴan kabu-kabu. A cikin moto mai sarƙa, inji da giya suna zaune a ɗaki ɗaya, suna shan mai ɗaya. Idan aka juye baƙin mai, an gama da su duka biyu. Daga nan ne kuskuren ya samo asali. Mutum ya saba da moto mai sarƙa, sai ya ɗauka sukuta ma haka take.

Ginin sukuta dabam ne. Inji yana gaba da nasa mai. A sukuta mai ƙarfin 125 ko 150, man inji bai cika lita ɗaya ba. Daga inji, ƙarfi yana bi ta cikin bel, wato ɗamarar roba da ke cikin dogon murfin nan na gefen hagu. Bel ba ya son mai ko kaɗan, a bushe yake aiki. A ƙarshen bel, dab da ƙafar baya, akwai wani ɗan akwati rufaffe. A cikinsa akwai faifan ƙarfe masu haƙora, suna cizon juna, da boris da ke riƙe da su. Wannan shi ne akwatin giya. Makanikanmu sukan ce masa buwat. Yana da nasa mai, wanda ba ya haɗuwa da na inji har abada.

Aikin waɗannan haƙora ba ƙarami ba ne. Idan sukuta tana gudun kilomita 60 a awa, injinta yakan juya wajen sau 6000 ko fiye a minti ɗaya. Ƙafar baya kuwa ba ta kai juyi 800 ba. Bel da haƙoran nan su ke rage saurin inji, su mayar da shi ƙarfin da ke tura taya. Duk nauyinka, da na wanda ka goya, da na buhun da ka ɗaura, a kan waɗannan haƙora yake sauka. Abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe shi ne ɗan man nan kawai. Idan ya ƙare ko ya lalace, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Domin mi za a juye man sabon abu?

Dalili na farko. Uwayenmu mata sun san halin sabon dutsen niƙa. Garin farko da aka niƙa a kansa yakan fito da tsakuwa, sai dutse ya goge sa'an nan gari ya yi laushi. Haka sababbin haƙoran giya suke. Sun fito daga masana'anta da ɗan kaushi. A cikin kilomitocin farko suna goge juna har su daidaita. Wannan lokaci shi ake ce wa rodaji. Garin ƙarfen da ke fita yana zuba cikin mai. Akwatin giya ba shi da matata. Duk abin da ya faɗa ciki yana nan yana yawo, yana bi ta tsakanin haƙora, yana shiga cikin boris, har ranar da aka juye man. Juyen farko shi ke fitar da wannan gari.

Dalili na biyu. Ba mu ga lokacin da aka zuba man farko ba. Sukuta ta fito daga ƙasa mai nisa. Ta yi kwanaki a jirgin ruwa, ta yi kwanaki a babbar mota, ta yi zaman magaza. Da yawa a cikin kwali suke zuwa, a nan ake ƙarasa haɗa su. Mai yiwuwa man da ke ciki cikakke ne kuma mai kyau. Mai yiwuwa kuma bai cika ba. Akwatin giya na yawancin sukutoci ba shi da sandar gwaji irin ta inji, ba shi da gilashin leƙawa, ba shi da fitilar gargaɗi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a juye a gani. Wanda ya juye ya zuba nasa, ya san abin da ke ciki.

Dalili na uku. Man kaɗan ne, ƙasarmu kuma mai wuya ce ga inji. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Hanyoyinmu rairayi ne da marmara. A cikin rairayi ƙafar baya tana shan wahala, akwatin giya yana ƙara zafi. Lodinmu kuma ya fi wanda masana'anta ta zata. Ɗan mai kaɗan da ke aiki cikin irin wannan hali bai kamata a bar masa garin ƙarfe ba.

Abin da masu musu ke cewa

Waɗansu suna cewa: "Littafin sukutata bai ce a juye da wuri ba." Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Littattafan ba su zama ɗaya ba. Akwai masu cewa a yi juyen farko a kilomita 300. Akwai masu cewa a 1000. Akwai kuma masana'antun da ba su nemi a taɓa man ba sai bayan shekara biyu, kuma sukutocinsu suna daɗewa. Ban ce duk sukutar da ba a juye wa mai da wuri ba za ta lalace. Da yawa za su yi shekaru lafiya lau. Amma mu auna abu biyu. Idan ka juye alhali babu bukata, ka yi hasarar cokali takwas na mai da rabin awa. Idan ka ƙi juyewa alhali akwai bukata, ka yi hasarar boris, da haƙora, da makonnin aiki. Mai hankali ya san wadda zai zaɓa.

Waɗansu suna cewa: "Sabon abu ba a buɗe shi, hannun makanike shi ke kawo ciwo." Wannan tsoro ma yana da tushe. Mun ga yaron makanike ya ɗaure noti da ƙarfin tsiya har zaren ya mutu. Mun ga wanda ya cika mai har ya yi yawa. Maganin wannan shi ne a zaɓi makanike mai natsuwa, kuma mai sukuta ya tsaya a yi aikin a gabansa. Juyen man giya ba buɗe inji ba ne. Noti biyu ne kawai, kuma domin a kwance su aka yi su.

Waɗansu suna cewa: "Garantina zai lalace." Idan mai sayarwa ya ba ka takardar garanti, ka kai sukutar wurin makaniken da ya nuna maka. Ka ce a juye mai biyu, na inji da na giya. Ka sa a rubuta maka a takarda. Ta haka ka tsare garantinka, ka tsare akwatin giyarka.

Waɗansu kuma suna cewa: "Ba za mu sayi lita guda domin cokali takwas ba." To, lita ɗaya mililita 1000 ce. Idan sukutarka tana shan 120, lita ɗaya ta isa juyi takwas. Mutum takwas na iya haɗa kuɗi su sayi gwangwani guda. Mutum ɗaya kuma na iya ajiye nasa ya yi ta amfani da shi, muddin ya rufe bakin da kyau, ya ajiye a inuwa. Akwai ma ƴan ƙananan robobi da ake sayarwa, daidai juyi ɗaya.

Yaushe za a juye?

Ka dubi kwantar, wato agogon da ke ƙirga kilomita a gaban sukuta. Idan littafinka ya ce 300, ka yi a 300. Idan ya ce 1000, kada ka wuce 1000. Idan babu littafi, ka yi ranar da za a juye baƙin mai karo na farko. Kilomita 500 ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ce. Wanda ya je ya dawo ya kusa cika 500. Mai tafiyar kilomita 20 kowace rana zai cika ta a kwana 25.

Bayan juyen farko, ka bi abin da littafi ya faɗa. Waɗansu sun ce kowace kilomita 5000 ko ƙasa da haka, waɗansu 10000 ko fiye. Kwantar takan mutu, littafi yakan ɓata. Saboda haka shawarata ita ce a ɗaura abin da lokacin da ba a mantawa: sau ɗaya a shekara, da zarar damana ta wuce.

Na zaɓi ƙarshen damana da dalili. Akwatin giya yana da ƴar ƙofar numfashi, domin iska mai zafi ta fita. Idan ka tsallaka ƙorama, ko ka bi unguwar da ruwa ya kwanta har ya rufe tsakiyar ƙafar baya, ruwa yana iya shiga ta nan. Mai da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe, tsatsa yake kawowa. Mutanen bakin Gulbin Maraɗi da na kwarin Magiya su lura da wannan sosai. Duk ranar da sukuta ta nutsa cikin ruwa mai zurfi, a juye man giya a cikin makon, ba sai shekara ta zagayo ba.

Wane mai, kuma nawa?

Littafin sukuta yakan zo da Faransanci, ko Ingilishi, ko rubutun Sin. Kada wannan ya tsorata ka. Lambobi kake nema, su kuwa lambobi ɗaya ne a kowane harshe. A littafin Faransanci ka nemi inda aka rubuta huile de transmission. A gabansa za ka ga irin man da yawansa. Wani lokaci ana rubuta yawan a jikin akwatin kansa, kusa da noti.

Yawancin ƙananan sukutoci suna shan tsakanin mililita 100 da 130. Idan ka ga an rubuta 120 ml, ko 120 cc, ko 0,12 L, duka abu ɗaya ake nufi. Babban cokalin awo mililita 15 yake ɗauka, saboda haka 120 cokali takwas ke nan.

Irin man kuma kashi biyu ne. Sukutocin ƙasar Sin da yawa suna da injin da ake kira GY6. Littattafansu sukan nemi man giya mai lamba 80W-90 ko 85W-90. Wannan mai yana da wari mai ƙarfi, kamar na farar wuta. Waɗansu masana'antun kuma, kamar Honda da Yamaha, sukan ce a zuba man inji, irin 10W-30 ko 10W-40, a akwatin giyar sukutocinsu da yawa. Kowa ya bi littafinsa. Kada lamba 90 ta sa ka ɗauka ya ninka mai lamba 40 kauri. Ma'aunin man giya dabam ne da na man inji, kaurin nasu kusa yake da juna.

Abu uku ne ba a yi. Ba a zuba man giya a cikin inji. Ba a zuba tsohon baƙin mai a akwatin giya. Ba a sayen man da aka ɗura a kwalbar da babu suna, babu lamba, an shanya ta a rana da ƙura. Ka sayi wanda bakinsa ke like. Araha ba ta ado.

Yadda ake yin aikin

Karo na farko ka bar makanike ya yi, kai kuma ka tsuguna ka kalla. A jikin akwatin akwai notuna da yawa. Waɗansu na riƙe murfi ne, ba a taɓa su. Ka sa ya nuna maka biyun da ake kwancewa: na ƙasa na juyewa, na sama na zubawa. Ga yadda aikin ya kamata ya tafi.

Na ɗaya. A yi tafiyar minti biyar zuwa goma domin mai ya yi ɗumi ya tsinke. A kashe inji. A ɗora sukuta bisa ƙafar tsakiya, a wuri shimfiɗaɗɗe. A yi hankali da salansa, tana ƙona hannu.

Na biyu. A goge ƙura da rairayin da ke kewaye da notunan biyu da tsumma. Ƙwayar rairayi ɗaya idan ta faɗa ciki ta zama abin niƙa.

Na uku. A fara kwance notin sama. Dalili shi ne, idan ka juye mai sa'an nan na sama ya ƙi kwantuwa, ka zauna da akwati babu mai, babu hanyar zubawa.

Na huɗu. A tara gwangwani mai tsabta, a kwance notin ƙasa. A juya ƙafar baya da hannu a hankali domin sauran man ya fito. A yi haƙuri har ɗigo ya tsaya.

Na biyar. A goge notin ƙasa, a mayar da shi tare da ɗan zoben da ke wuyansa. Idan zoben ya lanƙwashe ko ya tsage, a sa sabo. A fara murɗa notin da yatsu, sai ya zauna sa'an nan a kama shi da sifana. Akwatin alminiyo ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi, ba shi da taurin baƙin ƙarfe. Ɗaurin ƙarfi yana kashe zarensa.

Na shida. A auna sabon mai a zuba. Abin da ya fi sauƙi shi ne babban sirinji marar allura. Mai ɗaukar 60 sau biyu ya ba da 120, mai ɗaukar 20 sau shida. A sayi sabo a farmasi. Kada a tsinto wanda aka yar a bayan likita, domin yana ɗauke da cuta. Wanda ya taɓa man giya kuma ba ya komawa jikin mutum ko na dabba. A waɗansu sukutoci ƙofar zubawa tana gefe, ana zubawa har mai ya fara dawowa ta bakinta. A waɗansu kuma tana can sama, dole a bi awo. Ka tambaya wace iri ce taka.

Na bakwai. A rufe notin sama, a goge duk man da ya zuba. Kada ya taɓa taya ko birki. Washegari da safe a duba ƙasa, ko akwai ɗigo.

Na takwas. A rubuta kwanan wata da lambar kwantar a cikin littafin, ko a wata takarda, a ajiye ƙarƙashin sirdi.

Kada kowa ya ce bari in ƙara kaɗan domin alheri. Mai idan ya yi yawa yakan nemi hanyar fita. Yana iya tura robar da ke tare shi ya shiga wurin bel, sai sukuta ta riƙa zamewa ba ta ja. Yana iya bi ta ɗaya gefen ya jiƙa birkin baya, ka kama birki ya ƙi kamawa. Ƙarancinsa kuma yana cinye boris, idan abin ya yi tsanani ƙafar baya tana iya cijewa ana cikin gudu. Wannan ba kullum yake faruwa ba, amma wanda ya goya matarsa da jariri ba ya son ko sau ɗaya.

Tsohon mai yana ba da labari

Kafin a ɗauke gwangwanin, ka kai shi hasken rana ka duba. Idan ka ga ɗan ƙyalli mai laushi kamar garin kwalli a juyen farko, wannan garin rodaji ne, shi muka zo fitarwa. Idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, ka nuna wa makanike, ka kuma koma wurin mai sayarwa tun garanti bai ƙare ba. Idan man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Idan abin da ya fito bai kai rabin awo ba, ko dai ba a cika shi ba tun farko, ko kuma yana yoyo. A nemi inda yake fita.

Ina za a kai tsohon mai?

Tsohon mai ba magani ba ne. Na ga ana shafa shi a gyambon jaki, da ƙazuwar akuya, har da ciwon ƙafar mutum. A daina. Yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadarai masu cutar da fata, yana kuma hana ciwo warkewa. Dabba ta lashe shi ya shiga cikinta. Ciwon mutum na likita ne, na dabba kuma na ma'aikacin kiwo ne.

Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko a lambu, ko a magudanar ruwa. Rijiyoyin fadama ba su da zurfi, abin da aka zuba a ƙasa ba ya daɗewa ya iske ruwa. Kada a ɗura shi a kwalbar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man yana iya shiga huhunsa. A kai shi likita nan take, tare da kwalbar. A tara tsohon mai a gwangwani mai murfi, a kai wa makanike mai tara irinsa. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Kira ga mutum uku

Kai mai sayarwa, ka karɓi kuɗin mutum da ya tara shekara guda yana gumi. Minti biyu sun isa ka tsuguna ka nuna masa noti biyun nan, ka ba shi littafin sukutarsa. Wanda kayanka suka daɗe a hannunsa shi zai kawo maka ɗan uwansa.

Kai makanike, idan aka kawo maka sukuta juyen baƙin mai, ka tambaya: "Na baya fa, yaushe rabonsa?" Ka koya wa yaranka su riƙa yin wannan tambaya. Ka koya musu awo, ka koya musu ɗaurin hankali.

Kai mai sukuta, da ke mai sukuta, kuɗinku ne, lafiyarku ce. Ku tambaya, ku tsaya a yi a gabanku, ku rubuta. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ƙanena ya gyara sukutarsa, tana nan tana aiki har yau. A ƙarƙashin sirdinta akwai wata ƴar takarda da ya rubuta da hannunsa, layi biyu ne, ɗaya na inji, ɗaya na baya. Bara maƙwabcinsa ya sayo sabuwa. Kafin a gama yi masa barka, ƙanena ya ja shi gefe, ya tsuguna ya nuna masa notin ƙasa da na sama. Kai ma idan ka gama karanta wannan, ka nuna wa wani.

Allah ya kiyaye hanya.